Malam Torben da Kwanukan Yanarumi

"Ni fa," in ji Malam Torben, "ba a taɓa ajiye mini kwanon da ya fi ƙarfina ba a duniyar nan. Na sha nonon goɗiya a Mongoliya. Na ci maciji a Biyetnam, na kurɓe romonsa. A Indiya kuwa barkono ne ya dubi fuskata ya ba da haƙuri."

Aboki, bari in gabatar maka da shi. Mutumin Denmak ne, dogo kamar sandar tutar makaranta, wata ƙungiyar sa kai ce ta aiko mana shi Yanarumi, can saman duwatsun Ekwado, don ya koya wa yaranmu Turanci. Ranar da ya sauka daga mota ya sayi jan ponco, wato bargon nan mai ramin zura kai a tsakiya, da baƙar malafa irin ta dattawanmu, ya yafa, ya ɗora, ya ce yanzu ba mai iya bambanta shi da ɗan gari. Ponco ya tsaya masa a cibiya. Muka ce haka ne, Malam.

Kafin wata ya mutu ya sami sunansa na gaskiya: Malam Na-Taɓa-Zuwa. Ba ka isa ka ambaci wuri a gabansa ba. Ka ce sanyi, ya taɓa zuwa inda ya fi. Ka ce tudu, ya taɓa hawa kakansa. Darasinsa ma haka yake tafiya. Shekara ta kusa cika, yaranmu ba su iya tambayar hanya da Turanci ba, amma ko ɗan aji ɗaya ka tayar daga barci zai ce maka "lokacin da nake Mongoliya" ba gargada.

To, ga inda maganar take. Wa'adinsa ya zo ƙarshe, ƙungiyarsu ta ce ba za ta ƙara masa shekara ba sai in iyayen yara sun amince a taron gari na ranar Lahadi. Malam kuwa tuni ya aika gida cewa mutanen Yanarumi sun kwanta a kan titi sun hana mota fita da shi. Uwarsa ta gama yaɗa labarin a unguwa. In ya koma, ba abin da ke jiransa sai wani kawunsa mai sana'ar kifi, wanda ya riga ya tanadar masa wuƙa da takalmin roba.

Malama Eulalia, shugabar makaranta, ita ce ta sha wannan cika bakin na maciji da barkono a ofishinta. Da ya tsagaita ta ce, "Malam, ka ji shawara. Iyaye za su bar ka ka ƙara shekara. Ba don komai ba, ba mu da wani. Ka zauna a ɗakinka, ka zo taro da yamma, ka yi shiru. Shirun shi ne babban aikin."

"Shiru? Malama, ba ki san siyasar ƙauye ba. Ni na zauna a ƙauyuka a nahiyoyi huɗu. Gobe da safe zan bi gidajen iyaye ɗaya bayan ɗaya. Kafin yamma za su ɗauke ni a kafaɗa."

"Kowane gida za a ba ka abinci."

"Abin da nake so ke nan."

Ta buɗe aljihun tebur ta ciro ledoji ta miƙa masa. "To riƙe waɗannan. Abin da ka kasa cinyewa sai ka…"

Ya ɗaga mata hannu. "Leda? Ni? In shiga gidan mutane da leda kamar mai yawon roƙo? Malama, mayar da kayanki."

Ta mayar da kayanta.

Ka ga, aboki, ba wanda ke zuwa cin abinci gidan mutane a Yanarumi ba leda a aljihu. Barin abinci a kwano zagi ne. Amma ka ci abin da za ka iya, ka juye sauran a leda a gaban uwar gida, ka gode mata, ka kai wa iyalinka, wannan shi ne mutunci. Wanda kuma ya miƙo kwano wayam, ya nuna bai ƙoshi ba ke nan, sai a ƙara masa. Jariri ma ya san wannan. Malam ne kaɗai bai taɓa zuwa ba.

Gidan Mama Petrona ya fara, ana fitowa daga coci. Ta shimfiɗa masa fatar tunkiya kusa da murhu, ta kawo romon kaza da dankali a kwanon da za a iya yi wa yaro wanka a ciki. Malam ya zage. Ya cinye, ya ɗaga kwano ya kurɓe, ya kife shi a iska don ta ga ko ɗigo babu.

"Mama, ko a Indiya ban ci irin wannan ba!"

"Wayyo ɗana," ta ce, "ashe yunwa ake barinka da ita a makarantar nan." Ta sake cika kwanon har baki.

Ya cinye wannan ma, amma bai kife kwanon a iska ba.

Labari a garinmu ba ya jiran mai shi. Kafin Malam ya tsallake gonar dankalin da ke tsakanin gidan Mama Petrona da na gaba, matan gari duka sun ji cewa Bature ya share kwano biyu yana neman ƙari. Kuma ba macen da za ta yarda a ce tukunyar Petrona ta fi tata. A gida na biyu dafaffiyar masara ya tarar, tuli guda, da cuku a kai kamar tubali. A na uku wake da ƙwai. Ya sassauta bel. A na huɗu ya cire bel ɗin gaba ɗaya, ya ce a Mongoliya haka manya ke zama.

Maganar da ya je yi kuwa, ta a bar shi ya ƙara shekara, ko sau ɗaya bai samu ya yi ta ba. Da ya buɗe baki sai a ce, "Ci tukuna, Malam, magana ba ta hucewa."

A gida na gaba ne ya gwada ture kwano da saura a ciki. Tsohon gidan ya dubi kwanon, ya dubi matarsa, matar ta kai bakin mayafi ido. Malam ya jawo kwanonsa da sauri. A nan ne dabara ta zo masa, irin dabarar da sai wanda ya zaga nahiyoyi huɗu. Uwar gida na juyawa ta gyara wuta, ya kwashe dankalin ya tura aljihun wando. Ponco ya rufe. Ta juyo ta ga kwano fes.

"Har ka gama? Allah mai iko!" Ta ƙaro.

Ka ga matsalar dabarar ke nan. Hannu ya fi baki sauri. Da yana ci, kwano kan ɗauki lokaci kafin ya koma. Yanzu ƙiftawar ido ya koma wayam, sai ƙari ya riƙa zuwa da gudu. Aljihun wando suka cika. Na riga suka cika. Ƙwai suka shiga safa. Cuku ya sauka cikin singileti ya sami wuri ya zauna. Malam ya riƙa fitowa daga gidaje ƙafafu a ware, yana tafiya kamar mai tsallaka rafi.

A nan kare na farko ya biyo shi, wani ramamme mai kunne ɗaya. Can sai ga na biyu. Kafin ya gangara zuwa bakin rafi ya tara jama'a, suna biye da shi a layi, cikin natsuwa, ba mai haushi.

Malama Eulalia ta hango shi daga ƙofar gidanta. "Malam, lafiya? Ka yi ƙiba tun safe."

"Lafiya lau. Dubi bayana, Malama. Dabba ba ta munafunci. Ko a Nepal haka suke bi na."

"Ledojin nan suna nan fa."

"Na ce ki bar su."

Gida na ƙarshe na Mama Ubaldina ne, kuma ita ba a yi mata wasa, don in ta yi magana a taro rabin matan gari sun gama yanke shawara. Ta ji duk abin da sauran suka dafa, ta yi dariya, ta shiga ɗakin girki ta kamo kuyi, dabbar nan mai kama da ƙaton ɓera da muke ci, mafi girma cikin waɗanda take kiwo, wanda take ta tanadinsa saboda bikin 'yarta. Ta gasa shi sukutum, da kansa da haƙoransa da 'yan ƙafafunsa, ta kwantar da shi a kan dankali ta ajiye gaban Malam.

"Ba kowa nake yanka wa wannan ba, Malam."

Malam ya dubi kuyi. Kuyi ya dubi Malam. Ya lalubi jikinsa a ƙarƙashin ponco, sama da ƙasa, ko akwai sauran fili. Babu. Ciki ya rufe tun gida na huɗu, aljihu sun rufe tun na shida. Aka buga ƙararrawar taro. Mama Ubaldina ta shiga ciki ɗauko mayafinta.

Da ta fito, kwano ba kuyi, Malam yana zaune a miƙe, malafarsa ta ɗan ƙara tsawo.

"Har da ƙashin?" ta ce.

"Har da ƙashin, Mama. A Biyetnam ƙashin ne daɗin."

Ta daɗe tana kallonsa.

A filin makaranta aka yi taron, kowa a kan benci, Taita Melchor shugaban gari a gaba da sandarsa. Malam bai iya zama ba, saboda ƙwai. Ya tsaya a gefe, karnuka suka kewaye shi suka zauna. Wani maiƙo ya fara gangaro masa ta bayan kunne, ya ce zufa ce, a cikin sanyin da ke sa haƙori kaɗawa.

Malama Eulalia ta miƙe ta ce akwai bayani ɗaya kafin a yanke. Ƙungiyar ta ce in aka riƙe Malam, baɗi ba za ta ɗauki nauyin abincinsa ba. Gidajen gari ne za su riƙa ciyar da shi bi da bi.

Filin ya yi tsit. Wata akuya ma da ke kuka ta fasa.

"Bi da bi," in ji Mama Petrona a hankali. "Kullum?"

"Kullum, Mama. Safe, rana, dare."

"Ni kwano biyu ya share mini, ko numfashi bai yi ba."

"Biyu? Ke kin ji daɗi. Ni ina juyawa, ina juyowa, ba komai."

"Ni dankalin shuka na taɓa saboda shi!"

"Nawa kuyin har da ƙashi," in ji Mama Ubaldina. "Har da haƙora."

Wani tsoho daga baya ya ce, "Jama'a, mu fa sau ɗaya muke girbi a shekara."

Taita Melchor ya buga sanda. "Ya isa. Ba a yanke wa mutum hukunci bai yi magana ba. Malam, matso gaba."

Malam ya matso, ƙafafu a ware. Karnuka suka matso. Ya gyara murya. "Iyayena, lokacin da nake…"

"Malafa, Malam."

"Na'am, Taita?"

"Mai magana gaban taro yana cire malafa. Ni ma ga tawa a hannu."

"Taita, mura nake yi."

"Dukkanmu mura muke yi. Cire."

Ya cire. Aboki, da a ce kuyin ya bi malafar, da an sami abin faɗa. Bai bi ba. Ya zauna daram a tsakiyar kan Malam, ƙafafu a baje, haƙora a waje, yana fuskantar jama'a kamar shi ma yana da ƙorafi.

Ba wanda ya yi dariya. Mu mutanen dutse ne, muna girmama baƙo.

Mama Ubaldina ta miƙe. "Wancan nawa ne."

"Mama, bari in yi bayani. A Mongoliya, in ana so a girmama abinci…"

"Da a leda ka sa shi, da gobe na yanka maka ƙanensa. Amma a kan gashinka? Kuyin bikin 'yata?"

Malam ya sunkuya don ya ba ta haƙuri, kuma a nan aljihun riga suka sallama. Dankali ya zubo ya gangara ƙarƙashin bencina. Ya kai hannu zai tare, ɗinkin wando ya ce shi ma ya gaji. Masara ta biyo, wake ya biyo, cuku ya zame daga singileti ya faɗi tim. Mata suka riƙa leƙawa, kowacce tana gane nata.

"Wannan jan dankalin na gonata ne."

"Ga ƙwaina can a safarsa."

Taita Melchor ya jira har ƙwai na ƙarshe ya gama birgima. Sannan ya ce a yi yadda aka saba: wanda ke son Malam ya koma gida ya je ya tsaya jikin katanga, wanda ke son ya zauna ya tsaya kusa da shi.

Bencina suka yi ƙara. Gari ya tashi ɗungum ya nufi katanga, maza da mata, har da kurman da bai ji tambayar ba. Malama Eulalia ta dube shi, ta ce, "Na ce maka shiru, Malam," ta bi su.

Malam ya dubi dama, ya dubi hagu. Ba shi kaɗai ba ne. Gaba da baya an kewaye shi, ana kaɗa wutsiya, mai kunne ɗaya ya dafa masa ƙirji da ƙafafu biyu yana duban saman kansa da ƙauna.

Taita Melchor ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da malafarsa, ya juya ga shugabar makaranta.

"Malama, in kin kira ƙungiyarsu ki faɗi gaskiya, kada a zalunci bawan Allah. Ki ce Malam yana da magoya baya a garin nan, har lasar ƙafarsa suke yi. Sai dai ba ko ɗaya a cikinsu mai ɗa a makaranta."