Kalma Ɗaya a Gaban Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, ko da kuwa na so, a shekarun farko na shari'ar Musulunci nan Daura. Lokacin ina aikin gwajin jini da fitsari a asibiti, ban fi wata bakwai da aure ba.

Wani malaminmu na jami'a ya aiko mini da wasu 'yan tsinkayen gwaji da yake bincike a kansu. An shafa musu sinadarin garkuwar jiki wanda ba ya kama komai sai furotin ɗin da ke cikin maniyyi. Ka jiƙa ƙyalle, ka ɗiga ruwan, in layi biyu suka fito to akwai shi. Na yi ta yi wa abokan aiki burga da su (har aljihun gaba nake sa su, kamar biro).

Sai 'yan sanda suka kawo zanen wata bazawara daga wajen garin Babban Mutum, wadda ta ce wani dillalin shanu ya yi mata fyaɗe a hanyar gona. Shi kuwa ya ce ba abin da ya faru. Na gwada, layi biyu suka fito raɗau. Aka kira ni kotu.

Na sha guga, na haddace bayanina. Ina shiga sai na hango surukina, Malam, mahaifin matata, zaune cikin malaman da ke sauraron shari'a. Mutumin da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba.

Alƙali ya ce, "Malam likita, me ka samu a jikin zanen?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, an samu... abin."

"Wane abu?"

"Wato... ruwa."

Dillalin ya yi caraf ya ce, "Ruwan rijiya ko na sama? Ai damina ake."

Aka kwashe da dariya. Na dubi surukina, na dubi takalmina, na koma Turanci, Turancin ma ya ƙi fita. Sau uku alƙali yana tambaya, sau uku ina cewa ruwa. Daga nan ya ce in zauna. Aka ba dillalin rantsuwa, ya rantse, aka sallame shi.

A bakin ƙofa matar ta tsaya kusa da ni. Ita da ta faɗi komai da bakinta a gaban maza fiye da talatin. Ba ta zage ni ba. Cewa kawai ta yi, "Malam, na ɗauka kai za ka faɗa."

Da yamma na je gaida surukina, ina durƙushe ya ce, "Yaro, kalmar nan tana cikin babin wanka. Ƙannen matarka sun karanta ta a islamiyya."

Ina yawan lallashin kaina cewa gwajin ba ya nuna ko na wane ne, wataƙila da na faɗa ma ba abin da zai sauya. Wataƙila. Ban sake jin labarinta ba, ba ni kuma da fuskar nema.

Abin da na koya shi ne, kunyata ba ladabi ba ce, tsoro ne ya sa hula. Yanzu kam ina faɗin kalmar tiryan-tiryan a gaban kowa. Sai dai ba wanda ya ƙara kirana shaida.