Rasuwar Kwamfutar da Ta Sha Mari a Kan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da tafin hannu mai raɗaɗi, Tsohon Direba ke sanar da rasuwar kwamfutarsa, wadda ta cika a kan teburin falo.

Maman yara ta shaide ta da haƙuri. Mai gyara ya ce bai taɓa ganin na'urar da ta daku irinta ba. 'Yarsa, wadda ta bar masa ita da ya shiga ajin koyon rubuta manhaja da furfurarsa, ta ce ita dai lafiya lau ta ba shi.

Aibin marigayiya ɗaya, ba ta ɓoye magana. In ya yi kuskure sai ta faɗa da jan rubutu, har da lambar layi. Ya gyara ɗaya, uku su fito gaisuwa. Shi kuwa zaman bakin sitiyari ya koya masa cewa inji in ya yi gardama, hannu yake so. Ya kashe ya kunna. Ya ɗaga ya girgiza. Da tana turuwa, da ya tara mata jama'a.

Ajali ya zo ranar da ta karanta aikinsa tsaf, ta zo haɗa sassansa, ta ce ya kira wani sashe da suna amma ba ta gan shi ba. Ya rantse ya rubuta. Ta tsaya a kan bakanta. Ya kai mata mari, fankarta ta yi fuuu, ta yi ƙit, allo ya yi baƙi.

Washegari ya ari sabuwa dal don duniya ta shaida an zalunce shi. Sabuwar ta maimaita maganar marigayiya harafi da harafi. Ashe fayil biyu ya rubuta, ɗaya ya miƙa. Ɗayan yana tasha, bai hau mota ba.

Ta bar caja mai ɗaurin salatif, da linzami, da manhaja marainiya wadda ba ta taɓa tashi ba.

Za a yi jana'iza gobe da hantsi a shagon mai gyara, inda za a raba kayan cikinta ga mabuƙata. An yafe wa masu "ai da ka tambaye ni" zuwa.

Da aka kai gawa ɗazu, Direba, wanda ba gwanin magana ba ne, ya dafa murfinta a gaban 'yarsa, sannan ya ce, "Baiwar Allah, gaskiyarki ce. Ki yafe ni."