Jiƙaƙƙen Bangon Kaka Tuful

"Gajiya da sauƙi, Alhamdu lillahi. Ke kuma gobara kike yi a nan, ko aljanu kike kora?"

Musallam ya tsaya a bakin ƙofa da akwatin kayan aikinsa yana tari. Ɗakin kakarsa Tuful, irin mai taya da ake ja da mota, yana gindin dutse tare da raƙuma tun farkon damina, yayyafin yankin Salala na jiƙa shi wata uku cur. Yanzu lokacin komawa kan dutse ya yi, baffansa Mahad kuma ya yanke magana: in bangon ya ruɓe, 'yan gwangwan za su ɗauke ɗakin, tsohuwa ta koma bene a gidansa na cikin gari. Musallam aka turo ya duba.

"Turare na sa wa mijina," in ji Tuful. "Ashe mijin jaki ne, bai san ƙamshi ba."

"Kasko uku na luban a ɗakin da bai kai akurki ba? Warin me kike ɓoyewa?"

"Naka. Tun daga titi na jiyo shi."

Musallam ya ajiye akwatinsa. Ya ture matasan da ta jera har rufi, ya yaye dardumar da ta rataya a bango. Ga tabo baƙi ƙirin daga gefen taga har ƙasa. Ya danna da ɗan yatsa, katakon ya lotsa kamar jiƙaƙƙen burodi.

"Wannan fa?"

"Ado ne. Haka ya zo daga kamfani."

"Fumfuna ce, tsohuwa. Sa'arki ce, tare kuka tsufa."

"Ni na tsufa? Jiya wani mai raƙuma ɗari ya aiko neman aurena. Na ce ya dakata, ina da wani malalaci da na kasa rabuwa da shi."

"Ki ce masa na sake ki. Ya haɗa da bangon."

Ya sa ƙarfe ya ɓamɓare katakon. Soson da ke ciki ya zubo jagab, wari ya murƙushe luban nan take. Tuful ta zauna a bakin gado tana jan carbi da sauri, idonta a kan hannunsa. Ita da ba ta taɓa kwana inda ba ta jin kukan raƙumi ba.

Musallam ya ɗauki sukundireba ya shiga sokar ginshiƙai ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarƙashin taga ya nutse. Na biyu ya ƙi. Na uku ya ƙi. Ya durƙusa ya soki daɓen, ya sake soka da ƙarfi, sannan ya sauke numfashi.

"Yi magana mana, ɗan nema! Ka mayar da ni mai jiran sakamakon asibiti."

"Ginshiƙi ɗaya ne ya tafi. Sauran irinki ne, sun ƙi mutuwa."

"Ka rantse."

"Kwana biyu ya sha iska, in sa sabon katako, in toshe da gam. Ran Asabar kina kan dutse."

Carbin ya tsaya. Ta goge ido da gefen mayafi, ta ce hayaƙi ne.

"Saura abu ɗaya," in ji shi. Ya nuna kwanon waje, inda haske ke shigowa ta gefen ƙusoshin da suka huda shi a jere. "Ɗaya, biyu... bakwai. Ta nan ruwan ya shigo. Wa ya kafa ƙusa a jikin ɗakin nan?"

"Raƙuma."

"Raƙuma da guduma?"

"To kakanka ne, Allah Ya jiƙansa. Ɓarna ce sana'arsa."

"Shekararsa goma sha ɗaya a kabari. Ƙusoshin nan ko tsatsa ba su gama yi ba. Ga ma guntun igiya a jikin ɗaya, duk maiƙo."

"To a ina kake so in shanya naman layya? A kan gemunka?"

"Naman da ko yanka ɗaya ban gani ba, shi zai cinye min hutun kwana biyu."

Ta matso, ta rage murya. "Me za ka faɗa wa Mahad?"

"Bango zai gyaru. Abin da ya aiko ni in gani ke nan."

"Ƙusoshin fa?"

"Bai tambaye ni ƙusa ba. Amma ba zan toshe bakwai yau ki huda takwas gobe ba."

Tuful ta harare shi, ta harari bangon. Sai dariya ta ƙwace mata har tana dafa gwiwa. Ta zura hannu ƙarƙashin katifa ta jawo guduma, ta dangwara masa a cinya.

"Ungo, ka ci nasara. Amma ka ɗaura min igiya a wani wuri, in ba haka ba da dutse ma ana kafa ƙusa."