An Kashe Dakalin Gidan Malam Nu'uman Saboda Jar Mota

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma har yanzu ba ta daina tafasa ba, Gwaggo Batula, matar marigayi Malam Nu'uman mai awon wake, tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Dutsin-Ma da Kurfi, har da na Karofi da Dabawa, cewa Dakalin ƙofar gidansu rai ya yi halinsa. Ba tsufa ne ya ɗauke shi ba. Kashe shi aka yi da guduma, da rana tsaka, ita tana can gidan suna a Kurfi ba ta san abin da ake ciki ba.

An haifi marigayi Dakali tun ana aikin dam ɗin Zobe. Malam da kansa ya kwaɓa ƙasar, ita ta ɗebo ruwan da goyo a bayanta. Shekarar da wake ya yi daraja aka yi masa rigar siminti. Kowa ya san gidan a gindin gangare yake, ruwan unguwa kaf nan yake nufowa. Shi ya sa Malam ya tada mashigar gidan ta yi tudu, ya kafa Dakali a gefe, ruwa ya zo da fushinsa ya bugi kafaɗarsa ya juya kwata. Damina nawa aka yi, ko ɗigo bai taɓa leƙa zaure ba.

Marigayin mai haƙuri ne, mai ɗaukar nauyin jama'a. Dattawa sun jira kiran sallah a kansa. Samarin da suka aure 'ya'yan gidan duk a kansa suka goge wandunansu suna ƙarya. A kansa aka karɓi gaisuwar Malam. Yakan riƙe ɗumin rana har magariba don bayan tsohuwa, bai taɓa neman fetur ba, bai taɓa kwana wurin bakanike ba. Ba a san shi da surutu ba, in ban da ƙwas-ƙwas ɗin da yake yi idan 'yan mata na carafke a kansa.

Jinyarsa ta fara ne ranar da ɗan Gwaggo na fari ya dawo daga Abuja da jar mota. Tun da ta haifi yaron nan bakinta bai taɓa kama sunansa ba, saboda kunyar ɗan fari. To yau kunyar ta ƙare, a rubuta da manyan baƙaƙe: Mutawakkil. Shi ne.

Mota kuma wace iri? Ƙofa biyu, kujera biyu. Ba wurin buhu, ba wurin uwa. Tsayinta bai kai akuyar da ta durƙusa ba, kaza ma sai ta sunkuya kafin ta ratsa ƙarƙashinta. In ta yi gurnani jarirai su farka har bayan kasuwa, amma tudun da jaki ke haurawa da kaya a bayansa ya gagare ta.

Ya fasa katanga kusa da zaure ya sa get, wai nan za ta riƙa kwana. Hawan farko aka ji ƙurrr, haɓarta ta karce ƙasa, bamba ta rataye kamar leɓen raƙumi. Aka shimfiɗa katako, katako ya zame. Aka gwada da baya, salansa ta yi ihu. Aka kai ta wurin mai faci ya ɗura wa tayoyin iska har suka yi ƙyalli. Aka sauke abokinsa mai tumbi don a rage nauyi. Duk a banza. Sai Usaini bakanike, Allah ya saka masa daidai aikinsa, ya kawo shawara cewa irin waɗannan motoci a karkace suke hawa, taya ɗaya bayan ɗaya, kamar tafiyar ƙaguwa. Da aka zo karkacewa, sai aka ce Dakali ya tare hanya. Bawan Allah da ke zaune a wurinsa tun mai motar yana tsotson yatsa, wai shi ne ya tare hanya!

Kulu maƙwabciya, wadda aka yi abin a gaban idonta, ta shaida cewa marigayin ya cika da mutunci. Guduma ta farko ya ce dim. Ta biyu ya ce dim. A ta uku ya ce ɓaras, shi ke nan.

To motar ta shiga? Ina fa! Ta karkace, ta cusa hanci, ta ɗora ƙirjinta bisa tudu ta tsaya cak, tayoyi na juyawa a iska kamar ƙwaron da aka kifar. Sai da aka aika Karofi Manu ya zo da shanun nomansa suka jawo ta baya, yaran unguwa na tafi. Yanzu haka tana nan fake a daidai inda marigayin ya rayu.

Ba a yi mako ba hadari ya haɗo. Ruwa ya gangaro yana neman tsohon abokin faɗansa, bai same shi ba, ya wuce zaure ba sallama, ya ratsa tsakar gida, ya shige ɗakin Gwaggo. Wakenta na iri ya jiƙe ya tsira a buhu. Daddawarta ta narke. Ita da furfurarta ta wuni tsaye cikin ruwa har ƙauri tana kwalfa da ƙwarya. Ga damina yanzu ta kankama, kullum la'asar gabas sai ta yi baƙi.

Marigayin ya bar ƙanensa dokin ƙofa, wanda shi ma ya samu rauni a gefe. Da iccen bedin da ke yi masa inuwa, yanzu yana yi wa maƙiyiyarsa. Da tsofaffi masu ciwon gwiwa da suka rasa mazauni. Da ƙadangaru masu yawa da ke ta gyaɗa kai a kan sauran ɓaraguzai suna karɓar gaisuwa.

Mutawakkil ya aiko da fararen kujerun roba wai a yi haƙuri. Kujerar roba tana tare ruwa? Ɗaya ma ruwan ne ya tafi da ita, an gan ta a kwalbati ƙafafu sama. Gwaggo ba ta son kujera, ba ta son turmin atamfa, ba ta son daɗin baki. Dakalinta take so, tsawonsa da faɗinsa, a inda yake. Ta kai kuka wurin mai unguwa, ta kuma aika wa Alhaji Hudu na Kurfi, baffan yaron, wanda shi kaɗai ne in ya yi tari Mutawakkil ke cire hula.

Game da jana'iza: an tattara gawar a buhuna an jingine a zaure, ba za a kai ta ko'ina ba, don da ita za a yi harsashin magajinsa. Za a fara zaman makoki gobe da hantsi a ƙofar gida. Tunda babu wurin zama, a kan motar za a zauna. Gwaggo ta gwada, tsayin motar daidai gwiwar tsohuwa. Dattawa su hau goshi, mata su hau baya, masu kawo gumba da waina su jera kwanoni a rufin. Mai goro ya ci abinsa a sake.

Makullin kuwa kada kowa ya wahala da nema. Mai shi ya rataye a ƙusa ya tafi masallaci, yanzu yana ƙulle a haɓar zanin Gwaggo, wanda ya isa ya zo ya kwance. Motar ta shiga takaba daga yau: ba fita, ba wanka, ba kwalliya, wata huɗu da kwana goma. Amma kowa ya san haihuwa na yanke takaba. Ranar da magini ya tsai da sabon Dakali, simintinsa ya bushe, ruwa ya buge shi ya juya kwata, ranar za ta fita. Kafin nan mai ita ya hau acaɓa, shi ba ya tsoron tudu.