Ranar da Na Yi Bandar Amarya

Abubuwa da yawa na manta a duniya, amma ban da ranar da na ɗauko amaryar abokina Bala daga Warra zuwa Yelwa. Lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Kebbi ba, an dawo da ni aiki gida daga Sakkwato, na taho da wata mota 'yar Beljiyam mai shan gas, an rubuta mata "turbo" a baya. (Ban san aikin turbon ba, amma kullum sai na goge rubutun da hannun riga.)

Ana gab da biki motar ta fara huci. Bakanike ya duba ya ce manifol ne ya ci, wato ƙarfen da ke kwaso hayaƙi daga injin ya miƙa wa turbo kafin ya bi salansa. Mai kayan gyara ya ajiye min guda biyu a kan benci. Na kamfani baƙi ne, mummuna, ga nauyi kamar dutsen niƙa. Na kasuwa kuwa siraran bututu ne masu walƙiya, har fuskata na gani a jiki, kuma aka ce da shi mota za ta riƙa fito idan na taka. Bakanike ya ce shi bai taɓa ɗaura irinsa ba, zaɓi nawa ne. Ni da nake so a ji zuwana tun daga bakin gari, ai ban tsaya dogon tunani ba. Abin da zai zauna a ƙarƙashin bonet, ba mai ganinsa, shi na zaɓa don kyau.

Dangin amarya masunta ne, da jirgin ruwa suka so kawo 'yarsu. Bala ya hana, ya cika musu baki cewa abokinsa na da motar da ba irinta a ƙasar Yauri. Kun ga mutuncinsa a wurin surukai yana hannuna ke nan.

Bayan la'asar muka taso. Amarya da ƙawarta a baya, Gwaggonta a gaba, ranta a ɓace don yarinyar ta bar gidan ubanta ko ɗigon hawaye babu.

"Rufe gilas, ɗana," in ji Gwaggo. "Kwana da kwanaki muna turara ɗiyar ga, ba iska munka yi wa ba."

Na rufe ruf.

Damina ce. Mun kusa Yelwa na faɗa wani kududdufi da gudu, ruwa ya watsu a kan ƙarfen nan da ya yi zafi jau, na ji "tas!" Fiton mota ya koma huci. Can sai ga hayaƙi yana sulalowa ta wajen ƙafafuna.

Amarya ce ta fara shessheƙa a cikin mayafi. Gwaggo ta waiga, fuskarta ta washe.

"Yauwa! Yi kuka ɗiyata, duk haka munka yi."

Ƙawar ma ta kama. Ba a jima ba Gwaggo da kanta ta shiga sharar ido, tana cewa ta tuna ranar da aka kai ta Shanga. Ni kaɗai na san gaskiya, kuma wallahi na buɗe baki zan faɗa, sai ta ga hawaye shaɓe-shaɓe a fuskata.

"Allah sarki, yaron ga akwai tausai. Allah shi ba ka mace tagari."

Na ce amin. (Wannan amin ɗin ita ta fi ba ni kunya har yau.) Na ci gaba da tuƙi, ina fatan mu isa kafin wani ya sume.

A ƙofar gidansu Bala mata sun yi cincirindo. Ina buɗe ƙofa, hayaƙi ya riga amarya fitowa. Mai guɗa ta ja numfashi za ta rangaɗa, sai tari ya sarƙe ta. Farin mayafi ya koma ruwan toka, turaren da aka yi kwanaki ana zubawa ya bi gas. Bala ya dube ni, na dubi taya.

Gwaggo ta shinshina amarya, ta shinshina zanenta, sannan ta juyo gare ni a gaban kowa.

"Ɗana, tun kakanni muke bandar kifi a Warra, amma ba mu taɓa bandar amarya ba sai da kaz zo. Kuma ka bar ni ina yi maka addu'a!"

Sai da uwar ango ta sake kunna kasko aka turara yarinya daga farko. 'Yan Warra kuwa da za su koma, jirgin ruwa suka nema, ba wanda ya ko kalli motata.

Washegari na koma na ɗauki mummunan nan na kamfani, kuma har na sayar da motar bai taɓa sa kowa kuka ba. Tun daga ranar, duk abin da na hango fuskata a jikinsa a shago sai in wuce. 'Ya'yan Bala sun girma, wasu har sun yi aure, amma ba wanda ya taɓa neman motata ranar biki, kuma har gobe Baba Mai Banda suke ce min.