Kunnen Inna

Lokacin wani dogon yajin aikin jami'a, ni da Bala, ɗan ajinmu a karatun likita, muka tare a Suleja, gidan da yayyenmu ke haya. Ran nan Bala ya zaro wa wani yaro ƙwayar masara daga hanci. Shi ke nan ya zama Likita. Inna mai gidan kullum sai ta aiko masa tuwo da nama. Ni da na fi shi maki kuwa, sunana "abokin Likita".

Na shiga farautar mara lafiya. Sai na lura duk sanda ɗanta Mamman ya yi mata magana, Inna ko waiwaye ba ta yi. Na bari tsakar gida ta cika, na ɗaga murya: "Inna, kunnenki ya fara mutuwa, kuma Bala bai gano ba!"

Ta dube ni. "Ɗan nan, wancan ɗan farina ne, kunyarsa nake ji. Kunne kam lafiya lau. Jiya ma na ji ka ta taga kana cewa zancen masarar nan sa'a ce kawai."

Bala ya ƙware da tuwo.

Har yau in na gaishe shi sai ya kau da kai, wai kunyata yake ji.