Ɗan Dutsen da Na Kifa a Gidan Tarihi

Ba zan taɓa mantawa da Larabar makon jiya ba, ko da tsufa zai kai ni ga mance sunan unguwarmu. Yau kwana tara ke nan, amma ko ƙararrawar ƙofa aka danna sai gabana ya yanke ya faɗi.

Watana huɗu a Kuala Lumpur. Maigidana digiri na uku yake yi, gwamnati ce ta turo shi, ni kuwa 'yar rakiya ce, takardar sakandare ce iyakar abin da na mallaka (ita ma kada a tambaye ni me na ci a Turanci). Tun ranar da na sauka ya ja min kunne. Ya ce, "Kin ga, izinin zamanki a jikin nawa yake rataye. In kika shiga hannun hukuma ba ke kaɗai za a tambaya ba, har makarantarmu za a rubuta wa, daga nan sai masu ɗaukar nauyina." Na ce to. Na kuma riƙe maganar da kyau, don ko kedai, wato ɗan shagon da ke ƙasan benenmu a Wangsa Maju na shiga, ba na taɓa kaya sai wanda na tabbatar zan saya.

Ranar da abin zai faru, maƙwabciyarmu Maman Hanifa ce ta ƙwanƙwasa min ƙofa. Bakanuwa ce, malamar jami'a, tarihi take karantawa a nan.

"Amarya, zumbula hijabinki. Kullum kina ƙunshe a ɗaki kamar daddawa, yau sai kin sha iska."

"Anti, ina za mu?"

"Gidan tarihi. An kawo kayan mutanen da daga Saifurus, tsibirin nan na Bahar Rum da yaranmu ke tafiya karatu. Ki zo ki ga yadda kakannin wasu suka rayu."

Na kira maigida ya ce a dawo lafiya. Muka hau jirgin ƙasan cikin gari, LRT, muka sauya wani, muka taka kaɗan, sai ga mu.

Wuri ne shiru, ga sanyi kamar cikin firji. Tuluna masu hannu biyu, fitilun yumɓu 'yan mitsi-mitsi, sarƙoƙi, wasu gumaka marasa kai. Maman Hanifa tana tsayawa gaban kowane gilashi tana karanta takardar da ke jiki, tana ɗaukar hoto, tana yi min bayanin sarakuna da jiragen ruwa. Ni kuwa ina ta "ikon Allah", "kai, Anti", alhali rabin hankalina yana kan kifin da na manta ban fitar daga ƙanƙara ba.

Sai muka shiga wani ɗaki, na ga abin da na sani. Dutsen niƙa ne. Wallahi dutsen niƙa, irin na tsakar gidan Iya, kakata da ta raine ni a wani ƙauye kusa da Gaya. Tsakiyarsa ta lotsa don shan aiki, bakinsa ya ɗan tashi. Ba a sa shi cikin gilashi ba, a kan wani ɗan dandamali aka ɗora shi, an kewaye da jar igiya. Na ji kamar a tsakiyar baƙin mutane na hango 'yar garinmu.

Sai dai ɗan dutsen, wato ƙaramin da ake riƙewa a niƙa da shi, an bar shi a rigingine. Fuskarsa mai santsi tana kallon sama.

To, sai an san Iya za a gane abin da ya same ni. Iya ba ta yarda da inji ba, ta ce ƙarnin ƙarfe yake sa wa abinci. Alkamar alkaki da waken ƙosai duk a dutse muke yi, tun ina 'yar shekara tara nake durƙuso a gabansa. Kuma dokarta ɗaya ce: in kin gama, ki goge, ki kifa ɗan a kan uwarsa, a gicciye. Kika bar shi a rigingine, ƙura ta hau, kaji su taka, ke kuma ki sha ranƙwashi. Na sha wannan ranƙwashin har tsakar kaina ta haddace dokar ba sai ta bi ta ƙwaƙwalwa ba.

Ni dai ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Maman Hanifa ta juya baya tana ɗaukar hoton wani tulu. Abin da na sani kawai shi ne na ganni na tsallake jar igiya, na sunkuya, na ɗaga ɗan dutsen da hannu biyu, na kifa shi a gicciye yadda ya kamata. Har na ɗan share gefen uwar da bakin hijabina. (E, na share. Ban ɓoye wa kowa wannan ba.)

Sai wata ƙara ta tashi.

Ban taɓa jin irinta ba. Kamar an tara motocin asibiti goma a cikin kunnena. Wata jar fitila ta hau walƙiya a saman ƙofa. Wasu 'yan makaranta da ke ɗakin suka juyo gaba ɗaya, malamarsu ta dafe baki. Ni kuma ga ni a cikin igiya, a tsugune, hannuna a kan kayan mutanen da suka mutu shekaru dubbai da suka wuce.

"Innalillahi! Amarya! Me kika yi?"

"Anti, a rigingine suka bar shi."

"Suka bar me? Fito! Fito nan!"

Ban kai ga fitowa ba. Wani mai gadi ya shigo da gudu, dattijo ne mai ɗan tumbi, yana ɗaga hannu yana cewa, "Tak boleh! Tak boleh, kakak!" Wannan kam na gane, yarensu ne na Malay: ba a yi, ba a yi, yaya. Turancin da na tara shekara shida a sakandare ya tattara ya gudu ya bar ni. Abin da ya rage a bakina "sori" ne, na yi ta jera shi kamar carbi.

Aka kai mu wani ƙaramin ofis. Mai gadin ya zaro wata takarda mai layi-layi, ya ce in ba shi fasfo. Na miƙa masa. Ina kallo ya buɗe shafin izinin zama, ya kwafe lambata, ya kwafe sunan maigidana da na makarantarsu. A nan hawaye ya ɓalle min. Na riga na gama hango komai: an rubuta wa makaranta, an dakatar da karatun bawan Allah, an sako mu a jirgi, muna sauka a Kano dangin miji suna tambaya me ya faru, a ce ai amarya ce ta je gyara wa Turawa dutsen niƙa.

Maman Hanifa tana ta zuba Turanci tana ba da haƙuri, tana juyowa tana harara ta. "Ke ko a gidan surukai aka ce ki tsallake igiya kya tsallake?"

"Anti, ki ce masa ban fasa komai ba."

"Na faɗa masa. Ya ce ba shi zai yanke ba, sai matar da ta rako kayan daga can ta duba."

Muka zauna jiran matar. Na karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa.

Da ta shigo, wata tsohuwa ce 'yar firit, gashinta fari fat, tabarau a rataye a wuya. Ta riga ta je ta duba dutsen, da farar safa a hannunta. Ba ta yi faɗa ba, kuma rashin faɗan ya fi tsorata ni. Ta zauna ta dube ni, ta yi tambaya, Maman Hanifa ta fassara.

"Wai me ya sa kika juya shi?"

Na share hanci na ce, "Ki ce mata haka ake ajiye shi. In aka bar shi a buɗe datti yake hawa."

Tsohuwar ta saurara, ta yi ɗan murmushi, ta yi magana mai tsawo. Na ga Maman Hanifa ta rufe ido.

"Me ta ce, Anti?"

"Ta ce da gangan suka rigingine shi. Don masu kallo su ga yadda fuskar ta cinye saboda aiki. Ta ce ita da kanta ta ajiye shi haka, sai da ta yi ta gwadawa kafin hasken fitila ya sauka daidai a kansa."

Jama'a, da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na ce mata Allah ya saka da alheri. Ashe ba sakaci na gyara ba, aikin masana na rushe.

Amma tsohuwar ba ta tashi ba. Ta sake tambaya: ya aka yi na san a gicciye ake ɗora shi? Na taɓa gani a littafi ne? Na ce wane littafi, ni da na yi shekara takwas ina niƙa a kan irinsa. Da Maman Hanifa ta fassara, sai matar ta cire tabarau daga wuya ta sa a ido, ta sake kallona tun daga sama har ƙasa. Ta ce wa mai gadi ya dakata da takardarsa, mu biyo ta.

Ta kai mu wani ɗaki a baya inda yara ke gwada abubuwa da hannu. A can akwai wani dutsen, sabo, an sassaƙa shi kamar na gaske don 'yan makaranta, da kwano cike da alkama. Ta ce tun da aka buɗe baje kolin babu wanda ya fitar da gari a kansa. Wata ma'aikaciya ta gwada a gabanmu: a tsaye, dutse a kan tebur, ta zuba alkama tuli, tana ta dukan ta da ɗan dutsen kamar mai fasa ƙwallon goriba. Alkama na ta tsalle tana bin ƙasa.

Ban san sanda na ce, "Haba, baiwar Allah!" ba.

Na ce a sauko da shi ƙasa. Mai gadin nan da ya kama ni shi ya cicciɓo shi yana nishi. Na ce a sa wani abu a ƙarƙashinsa ta wajena don ya ɗan karkata gaba, aka kawo katako. Na shimfiɗa takarda a bakinsa tunda babu faifai. Na shafa fuskar uwar, na ji ta yi sulɓi da yawa, na ce wannan sai an koɗa ta, wato a ɗan sassare ta da wani dutse don ta yi kaushi ta kama ƙwaya. Aka rasa makoɗi, ma'aikaciyar ta fita lambu ta samo min wani ɗan dunƙulallen dutse. Na yi ta ƙwanƙwasa, tsohuwar tana tsugune kusa da ni tana rubutu a ɗan littafinta.

Sannan na tattare hijabi, na durƙusa, na yi bismilla. Alkama 'yar kaɗan, ba tuli ba. Ƙarfin daga kafaɗa da baya yake zuwa, hannu riƙo kawai yake yi. Ina turawa na ji ƙarar nan, gurrr, gurrr, wadda rabona da ita tun rasuwar Iya. Na ɓarza, na tattaro, na maimaita. Kafin a jima gari ya fara zuba a kan takarda, fari, mai laushi.

'Yan makarantar nan da suka ga kamuna sun biyo mu sun cika ƙofa. Suka hau tafi. Tsohuwar ta ɗebi garin ta murza a yatsu, ta kai hanci, ta ce shekara talatin tana rubutu a kan waɗannan duwatsu, yau ta fara jin ƙamshin abin da suke fitarwa. Mai gadi ma ya dangwala ya lasa ya ce, "Boleh makan, lah!" wato ai wannan zai ciwu. Maman Hanifa, wadda ɗazu take harara ta, har ta fara gaya wa mutane wai ni ƙanwarta ce.

"Anti, takardar fa?" na raɗa mata, don ni har lokacin hankalina yana can.

Ta tambaya. Tsohuwar ta karɓi takardar daga hannun mai gadi, ta karanta, ta ce dutsen bai yi ko ƙwarzane ba, babu abin da za a kai gaba. Ta ninke ta biyu, ta juya bayanta, ta ce in rubuta mata lambar wayata a kai. Tana so in dawo ranar Asabar in nuna wa yara da ma'aikata. Ta ƙara da sharaɗi ɗaya, tana ɗaga yatsa: dutsen na gaske kam, da ido kawai.

Da maigida ya dawo da yamma na ba shi labari tun daga farko. Da na zo wajen fasfo sai da ya ajiye cokali. Da na zo ƙarshe ya ce, "Ni shekarata biyu a garin nan ko ajin yara ba a gayyace ni in yi magana ba." Na ce masa ya yi haƙuri, in yana so zan sa baki.

Na je ranar Asabar ɗin, na kuma niƙa, har an ba ni wata 'yar alama na maƙala a hijabi. Abin da na koya shi ne, in ka shiga gidan mutane ka ga abu a karkace, ka fara tambaya ko da gangan suka karkata shi. A hanyar fita na bi ta gaban wani tulu da aka bari a buɗe, murfinsa a yashe a gefe. Na cusa hannuwana biyu cikin hijabi, na damƙe su da kyau, na wuce da sauri ina salati.